Turakun da Gado Ya Kafa da Hannunsa

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Gari, Damazin
Daga: Gado ɗan Mati, manomi, Hillar Maliki, ta hannun Abdulmuttalib, marubucin hilla, wato ƙauyen
Kwanan wata: 9 ga Mayu, 1967
Game da: Gonar da aka yanka filayen gidaje a gabashin hilla

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mai ƙorafi yana gabatar da kukansa kamar haka:

1. Ranar 20 ga Fabrairu masu awo suka sauka a gonarsa da igiya da turaku. Gado a Jazira ya girma, yana tsinkar auduga a gonakin mutane, kuma a can duk inda aka ga turakun awo, to ruwan ban-ruwa na tafe. Saboda haka bai tambayi komai ba. Ya yanka musu ragonsa ɗaya tilo, ya karɓi guduma ya kafa turakun da kansa, matarsa Huseina har da guɗa. Sun ci, sun sha shayi, ba wanda ya ce masa gidaje za a gina.

2. Ranar 2 ga Afrilu aka sanar cewa gonar ta zama unguwar ma'aikata, wai an same ta babu shuka. Da izinin Mai Girma, wa ke shuka dawa da tsakar rani? Karan bara na nan tsaye a cikinta.

3. Ya yi ta zarya ofis, kullum gobe. A ƙarshe wani magatakarda ya ce tunda shi ya kafa turakun, ai ya amince ke nan. Wannan magana ta fi asarar ragon yi masa ciwo.

4. Mai ƙorafi ba ya baƙin ciki da girman gari. Amma gonar baƙar ƙasa ce, tana ciyar da gidansa, kuma kowane magini ya san tana tsaga bango. Yamma da hilla ga fako nan mai tsakuwa, ko akuya ba ta tsayawa a kansa.

Don haka yana roƙon Mai Girma ya mayar da unguwar kan fakon, ya sakar masa gonarsa kafin ruwan shuka. Hadari ya fara haɗuwa a kudu, iri kuma yana cikin tulu. Bai taɓa turke ko ɗaya ba, don girmama hukuma. In ma'aikata sun yi ƙaranci, a ba shi izini kawai ya tuge su; ya san inda kowanne yake.

Allah ya ja zamanin Mai Girma.

Mai biyayya,
Gado ɗan Mati, da dangwalen yatsansa