Guɗar Mastura a Abhur

Zuwa ga yayata Hajiya Nana Aisha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da dukkan mutanen gida a Gadarif. Kullum kuna cikin addu'armu, Allah ya kawo wa ƙasar sauƙi. Mu nan unguwar Mahjar muna nan yadda kika san mu. Gwiwata ta ƙi, aikin sito ya ƙi ƙarewa, iƙama dai, takardar izinin zama, an sabunta, alhamdu lillahi.

Yaya, maganar 'yarki Maha ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san ta karanta kimiyyar taurari, muka yi ta alfahari. To, yanzu ta shiga wani wasa da suke kira opera, wanda ba a magana a cikinsa sai waƙa. Ƙarami ne, mawaƙa uku da 'yan masu goge. Ita ce ta fito a malamar da ta ƙare rayuwarta tana auna hasken taurarin da suka daɗe da mutuwa, tana tambayar ko wahalar tana da amfani. Tambayar da ni nake yi kyauta kowace safiya a motar ma'aikata.

Ta gayyace mu unguwar Abhur inda suke wasan, ni da mahaifiyarta, matata Mastura. Wallahi yarinyar nan tana da murya, har na manta da gwiwa. Sai aka zo wani wuri, ta ja waƙar sama, ta yanke, masu goge suka sauke hannu, ɗaki ya yi tsit. Ashe shirun cikin wasan yake, shi ne wai sararin da ba kowa tsakanin taurari, watanni suka yi suna gwada shi. Mastura ta ɗauka an gama. Ta miƙe, ta toshe hanci, ta rangaɗa guɗa irin ta garin Mai Wurno, wadda ake ji daga hayin kogi. Wasu suka yi dariya. Maha ta rikice, baitin da ke gaba ya ɓace mata.

Tun ranar ba ta yi wa uwarta magana ba. Ni ta ce mini da Larabci wai halas, wato shi ke nan, mun mayar da ita abin kallo. Mastura kuma ta ce ita ba ta san ana biyan kujera don a saurari shiru ba, ta ga 'yarta a tsaye gaban mutane ne, maƙogwaronta ya buɗe da kansa. Ta faɗi haka tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Na gaji, Yaya. Na karanta littattafai da dama, babu wanda ya koya mini zama tsakanin mata biyu masu gaskiya. Maha a nan aka haife ta, tana jin Hausa, amma ba ta san abin da guɗa take ɗauke da shi ba. Ke take jin maganarki. Don Allah ki kira ta kafin Alhamis. Kada ki yi mata faɗa, ki gaya mata kawai wa ake yi wa guɗa a wurinmu. Ranar za su sake wasan, kuma jiya ta ajiye tikiti a kan firji. Guda ɗaya ne, da sunana. Mastura ce ta fara ganinsa, ta goge mini babbar riga.

Ki gaishe mini da Malam Youssouf, da Saudatu da yaranta, da Zaharadden in ya dawo.

Ƙaninki mai jiran kiranki,
Na'ibi