Tsirkiyar da Yaya Haladu Ya Tafi Saye

Mahjar, Jidda
3 ga Maris, 2024

Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Anti Zubaidatu da yara, yaya Kano? Mu nan lafiya lau.

Yaya, zauna kafin ka karanta! Waƙar ƙanenmu Badr ta tashi a garin nan. 'Yata Joud ce ta kawo mini waya, wai in ji wata tsohuwar waƙar giranji da samari suka haukace a kanta, irin kiɗan Turawan nan da jita ke fara kuka a hankali, sai ta fashe da ƙara. Ina jin muryar na saki ludayi a miya. Wallahi Badr ne, yana ɗan shekara goma sha tara!

Ka tuna ranar da tsirkiyar jitarsa ta tsinke, ya dame ka ka sayo masa wata a unguwar Sharafiyya, ka fita babu iƙama, takardar izinin zama, aka kama ka aka mayar da kai Najeriya? Bayan wata biyu ya rera waƙar nan da tsirkiya biyar maimakon shida, yana kuka. Yanzu samarin Jidda cire tsirkiya ɗaya suke yi da gangan, wai salo ne. Na yi dariya har da hawaye.

Sai dai rabinta kawai ke yawo, domin daga kaset ɗin abokinsa Raed aka samo ta, shi kuma a rabin waƙar ya ƙare. Cikakkiyar tana bayan kaset ɗin gaisuwar da marigayiya Umma ta aika maka ta hannun alhazai. Wasu matasa na son rera ta a wani taro bayan Sallah, sun zo har gida, Badr ya ce ya manta ƙarshen. Ƙarya yake. Haƙuri ya ba ka a ciki, ka yi shiru shekara ashirin da tara, shi kuma bai sake taɓa jita ba, yana ganin ba ka yafe ba. Ni dai na gaji da zama 'yar aike tsakanin ƙattai biyu masu furfura. In kaset ɗin na nan, don Allah ka aiko.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Zakiya

Mahjar, Jidda
29 ga Maris, 2024

Yaya Haladu,

Sallama da gaisuwar azumi. Ina fatan kana shan ruwa lafiya, kai da iyali.

Saƙo ya iso! Wata hajiya da ta zo Umara ce ta kawo har ƙofa. Kai kuma ko layi ɗaya ba ka rubuta ba, halinka na nan! Badr ya zo shan ruwa, muka aro rediyo mai kaset a wurin maƙwabta. Muryar Umma ta fito tangaran, duk muka yi kuka. Da muka juya bayan kuwa, sai shuu kawai, da ƙyar ake jin jitar. Raina ya ɓaci, na ce halas, shi ke nan, waƙar ta lalace.

Badr ya daɗe yana juya kaset ɗin a hannu. Sannan ya ce ajiya ba ta cinye gefe ɗaya ta bar ɗaya, yawan saurare ne ya cinye shi. Yaya, sau nawa ka ji ta?

Da Joud ta zazzage ambulan, sai ga tsirkiya a naɗe cikin takardarta, ta yi tsatsa, da hatimin shagon Sharafiyya. Ashe ka sayo! Badr ya rufe fuska. Da ya ɗago ya rera mana ƙarshen waƙar da baki, bai manta ko kalma ɗaya ba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Ya amince zai hau dandamali da matasan, da tsirkiya biyar. Ta shidan tana aljihun rigarsa. Ya ce wanda aka aika shi ke miƙa saƙo da hannunsa, don haka ba zai ɗaura ta ba sai ka zo Umara ka ba shi. Yalla, Yaya, ka fara neman biza.

Ka gaishe mini da kowa.

Taka har kullum,
Zakiya