Sati Uku na Letebrhan

Litinin, 3 ga Maris

An sa sabuwar baƙuwa a gidan da ke jikin nawa, na ƙungiyar masu neman mafaka. 'Yar Eritiriya ce, Letebrhan. Na ce ni dai Lete zan iya. Siririya kamar tsinke, ba ta ɗaga kai. Ni ba ruwana, kada dai su toshe mini magudanar ruwa kamar na bara.

Alhamis, 6 ga Maris

Carmelo, jami'in ƙungiyar, ya tsaya a ƙofata yana ta murna. Wai da sabuwar doka nan da sati uku za a yi mata ganawa, a yanke hukunci. "Gwaggo Agatina, ai an huta! Kin manta Ebrima? Shekara huɗu yana jira, har furfura ta fito masa." Na ce ban manta ba, shi ya gyara mini rufi. Sauri alheri ne, ina ji.

Laraba, 12 ga Maris

Ta shigo taya ni ɓarar wake. Hannunta akwai sauri, bakin ne babu. Da yamma Carmelo ya dawo fuska a ɗaure. Lauya ta zauna da ita sau biyu, da tafinta, amma da an zo kan abin da ya same ta a Libiya sai ta yi shiru tana kallon bango. In ba ta faɗa ba ranar ganawa, za su iya cewa ba ta da hujja. Na ce, "To a ƙara mata lokaci mana, kai ɗan nan." Ya ce an nema, ba a samu ba.

Ni da mijina Turi ya rasu, sai da na shekara kafin na iya faɗin sunan asibitin.

Lahadi, 16 ga Maris

Ƙugu ya hana ni zuwa coci.

Talata, 18 ga Maris

Gobe idin Waliyyi Yusufu, ni da Lete muna ta murza burodi tun safe. Ta yi nata kamar tsuntsu, na ce wannan ai kaza ce mai ciwon wuya. Ta yi dariya, karon farko. Can sai ta ajiye kullun ta fara magana da yarensu. Ba ta tsaya ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba, sai wani suna da take ta maimaitawa, Yordanos. Burodin ya ƙone a murhu, ina jin ƙaurinsa, ban tashi ba. Da ta gama ta ce, "Mama, kin ji?" Na ce na ji, 'yata.

Litinin, 24 ga Maris

Na raka ta birni a bas. Ba su bar ni na shiga ba, na zauna a benci har ƙafata ta mutu. Ta fito ido jawur. "Na faɗa, Mama. Ba duka ba. Na ɗauka ke ce a kujerar mai tambayar." Yordanos ƙanwarta ce. Ban ƙara tambaya ba. Mun sayi gurasa da soyayyen ƙosai muka ci a tasha.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Sun ba ta mafakar! Carmelo har da rawa a titi, babba da shi. Za ta koma birnin Torino wajen 'yar uwar babarta, akwai aiki a can. Na ce madalla. Madalla ɗin kuwa nake nufi. Sai dai Ebrima an bar mana shi shekara huɗu.

Talata, 22 ga Afrilu

Ta tafi da safe. Ta sumbaci hannuna, na ce bari, ni ba limamin coci ba ce, bas zai tafi ya bar ki.

Na tambayi Carmelo wa za a sa a ɗakin, don in sani kawai. Wata yarinya ce daga Somaliya, ita ma sati uku. Na ce ya gaya mata ina gida da hantsi. Dama ba inda nake zuwa.