Keken Baba Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya Anti da yara? Ka yi haƙuri, yau gaisuwar gajera ce, hankalina ba a kwance yake ba.

Manhajar sarrafa sautin da ka ɗora wa Baba a kwamfuta, ka daidaita ta da kunnensa, tana aiki. Amma sai ya zauna gaban tebur kamar mai jiran a ɗauke shi hoto sannan yake ji. A shago kuwa babu. Ka san da kunne yake ɗinki, ƙarar keke ce ke gaya masa zare ya saki. Jiya keken ya yi ta tsallake ɗinki bai sani ba, har mai riga ya dawo da ita, ya ajiye masa a gaban mutane. Baba ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba, ya ce zai sayar wa maƙwabcinsa keken.

Tun ina goyon 'yata ka ce za ka mayar da manhajar nan kan waya. Yarinyar yanzu gudu take yi.

Taka,
Auta

Wa'alaikumussalam Auta,

Duk muna lafiya. Baƙar maganarki ma ta iso lafiya.

Ke kina ganin abin kamar a juye ruwa daga bokiti zuwa kofi ne. Manhajar ta kowa ce, a buɗe take, masu sha'awa ne suka yi ta gina ta, kuma don kwamfuta suka gina. Waya kuwa marowaciya ce. Allo na mutuwa ta kashe min aikin. Na hana ta, sai batir ya ɗau zafi. Na shawo kan wannan, sai sauti ya riƙa zuwa a makare, mutum ya rufe baki sannan a ji maganarsa. Antinki ta ce ko a wajen cin abinci hankalina na kan wayar.

To, ga ta nan na turo. Na gwada ta a ɗakina, fanka na juyawa, amma murya ta fito tas, ko gurnanin fankar babu. Ki sa masa a waya, ki ba shi abin sawa a kunne. Ki gaishe min da Mama.

Yayanki

Yaya, sallama,

Na gode, kuma ban gode ba. A gida abin ya yi kyau. Ya ji jikarsa ta kira shi, sai da ya share ido. Ya kuma kama Mama tana gulmarsa a kicin, ta ce a kashe wayar.

Da safe na raka shi shago. Ya zauna, ya ɗora ƙafa ya taka. Allura na hawa tana sauka, amma a kunnensa shiru. Ya ji ni ina magana, ya ji mai wucewa yana tari, keken ne kawai bai ji ba. Ya sake takawa. Daga nan ya cire abin kunnen ya miƙo min, ya ja ƙyalle ya rufe keken. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, tsoro ya kama ni.

Maƙwabcin zai zo ɗauka ƙarshen mako. Me ka yi wa sautin?

Auta

Auta,

Tun da na karanta wasiƙarki na kasa zama. Wayar ce. Idan aka buɗe makirufo, ɗauka take yi kira ake, sai ta share duk ƙarar da ke maimaita kanta, wai datti ce. Ni kuma fanka ta ɓace ina ta murna, ashe abin da zai haɗiye keken Baba nake wa tafi.

Na kai kuka dandalin masu manhajar. Wata mata mai kiwon zuma a wata ƙasa ta amsa. Ita ma wayarta ta taɓa share mata kukan ƙudan zumanta, ta nuna min yadda ake sa waya ta ba da sauti ɗanye. Na ƙara maɓalli: gida, shago. A shago zai ji komai, har hayaniyar titi, ban sani ba ko zai jure.

Ba ni da keke, don haka na je wurin telan bakin layinmu na kara waya a jikin nasa. Yana ta kallona, ina jin ya ɗauka na taɓu. Ni dai na ji ƙara, amma kunnena ba na Baba ba ne.

Don Allah ki riƙe maƙwabcin nan ko da surutu ne, kin iya.

Yayanki

Ɗana,

Bayan gaisuwa. Na ji keken. Ashe ya daɗe yana kukan rashin mai, ba wanda ya kula. Na ba maƙwabci haƙuri.

Titin nan akwai surutu, na manta.

Ka aiko da awonka, Auta ta ce ka yi tumbi. Matar nan mai zuma ma, ka tambayo nata.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka