Na Kira Sunanka a Kasuwar Faransa

Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma tun jiya na kasa zama na kasa tsaye, kuma kai na saba faɗa wa irin wannan.

Ina Faransa, wani tsohon gari wai shi Strasbourg. Autarmu Bilki ta sake haihuwa, mace, na zo yi mata wankan jego. A gida lafiya lau. Ɗanmu Sani ya dasa tumatir a bakin dam ɗin Tiga, ya kuma liƙe kwalekwalenka. Gyaɗar da aka kai Kafin Maiyaki ta yi kasuwa.

Sanyin nan, Malam, da kai ne da ba ka leƙa ko zaure ba. Ana la'asar gari ya yi duhu. Jiya mijin Bilki ya matsa sai na fita sayen tsaraba, wai lokacin bikin Kirsimetinsu ne. Rumfunan katako ne jere a gindin wata doguwar coci, fitilu ko'ina. Ya zaunar da ni wani shago aka kawo gahawa a ɗan kofi kamar na ba jariri magani, ga ɗaci. Na shanye don kada in kunyata suruki.

Da takwaranka muka fita, babban ɗansu, mai shekara uku. Ina taya wani mayafin ulu na saki hannunsa. Na waiwaya, babu yaro.

Na kira Abba, shiru. Na kira Maigida, yadda nake tsokanarsa, shiru. Ashe a nan ba a sakaya suna. Makaranta da maƙwabta duk da sunan yanka suke kiransa, shi kaɗai yake amsawa. Ga mutane maƙil, ga kogi a bayan rumfunan, uban kuma ya tafi ajiye kaya a mota. Me zan ce wa Bilki, da ɗanyen jego a jikinta?

Tun ranar da aka kai ni ɗakinka ban taɓa faɗin sunanka ba. Ko wani mai sunan ya zo, sai in ce mai sunan Malam. Jiya na buɗe baki a tsakiyar Turawa na ƙwala shi da iyakar ƙarfina. Sai ga yaro ya fito daga bayan rumfar alewa, baki duk sukari.

Kowa ya yi hamdala, ni kuwa har yanzu ban dawo daidai ba. Ba tsoron ba ne kaɗai. Daɗin sunan da na ji a bakina, shi ne ya hana ni sakat. Ka taɓa so in kira ka da shi, ko sau ɗaya, mu biyu a ɗaki? Me ya hana ka ce? Ni na so, kunya ce ta hana.

Yau da safe ina wanke kofuna na sake faɗin sunan a hankali. Yaron ne ya zo da gudu.

Allah ya kai haske kabarinka.

Matarka,
Ladi