Tsohon Burauza Ya Hana Ni Jin Tambayar 'Yata

Malama Renske, don Allah ki agaji wani tsohon makiyayi da ya jefa kansa cikin matsala da hannunsa. Da ƙafarsa ma, don ita ta fara.

Duk shekara in sanyi ya ja baya nakan hau tsani in buɗe ƙaramar tagar nan ta saman ɗakin shanu, saboda tsattsewa su sami hanyar shiga sheƙarsu in sun dawo daga tafiya. Haka mahaifina yake yi. Sai dai shi yakan tuɓe takalmin katakonsa kafin ya hau, ni kuwa bana na ga ai na fi shi wayo. Tagar ta buɗu, ba na musu. Ni ma na buɗe ido na gan ni kwance a ƙasa, saniya tana shinshina mini kunne. Yanzu ƙafar hagu tana cikin filasta tun daga idon sawu har cinya, matata Afke tana kirana gunkin falo.

Duk wannan ba zai sa in dame ki ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne faɗuwar ta zo daidai lokacin da 'yarmu Marrit za ta kare digirinta na dakta a jami'a. Ni da na bar makaranta tun gemu bai fito ba, malaminmu har ya raka ni bakin ƙofa don ya tabbatar na tafi, wai ni ne na haifi dakta. Kuma kin san a kan me ta yi shekaru tana bincike? A kan tsattsewar ɗakin shanuna. Tana kama su da raga, ta ɗaura musu wata 'yar na'ura a baya wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, ta sake su. In shekara ta zagayo ta sake kama su, na'urar ta faɗa mata inda suka je. Malama, tsuntsun da bai kai nauyin yankan cuku ɗaya ba, shi ne yake ƙetare teku, ya ƙetare hamadar Sahara, ya yi hutunsa can cikin Afirka, sannan ya juyo ya nemo ƙauyenmu, ya nemo gidana, ya nemo wannan azarar da ya bari. Ni kuwa in na shiga birni sai na tambayi mutum uku kafin in gane inda na ajiye mota. Tun ina yaro nake share kashinsu ina zaginsu, ashe manyan matafiya nake zagi.

Likita ya ce ba inda za ni. Marrit ta ce kada in damu, ana nuna taron kai tsaye, za ta turo mini linki ta imel, in danna kawai. Ta kuma ja mini kunne cewa lallai in zauna da wuri. Kin san al'adar, kafin manyan malamai su shigo da baƙaƙen rigunansu su fara yi wa mutum tambayoyi, ana ba shi ɗan lokaci ya yi wa danginsa bayanin aikinsa da bakin mutanen gida. Ta ce, "Baba, wannan ɓangaren naka ne. Sauran ka yi gyangyaɗinka in kana so."

To ga inda hannuna ya shigo. Lokacin Kirsimeti Marrit ta saka mini sabon burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, a kwamfuta, ta ce tsohon ya mutu tuntuni, ni kaɗai ne ban sami labari ba. Bayan ta koma, ran nan na buɗe tsohon don in duba ko za a yi ruwa, sai ya fito da wani ɗan akwati yana tambayata ko ina so ya riƙa buɗe mini komai kamar dā. Na rantse tausayi ya ba ni. Ni mutum ne da ban taɓa iya rabuwa da tsohuwar saniya cikin daɗin rai ba. Na ce masa eh, kamar yadda nake ce wa Afke, ba tare da na karanta sauran ba.

Ranar taro Afke ta yi kwalliya, maƙwabcinmu Douwe ya ɗauke ta a mota. Ni kuma na sa farar riga da lakataye a saman filasta, na haɗa kofi, na ɗora ƙafa a kujera, na danna linkin. Wa zai fito? Tsohon. Ya yi nishi, ya yi ta juya wani ɗan zobe a tsakiyar allo, can sai ga hoton Marrit. Daga nan ya tsaya cak. Ba motsi, ba murya. Na rufe na sake dannawa, shi dai. Na buɗe sabon da kaina, ya tsaya yana kallona fari fat, bai san me nake nema ba. In na koma imel na danna, tsohon ne zai sake rugowa da sandarsa.

Amma bari in faɗa miki abin da na gani a wannan hoton da ya daskare, don har yau in na rufe ido yana nan. Marrit tana tsaye, ta ɗaga hannu tana nuna wata ƙatuwar taswira a bayanta. A can sama akwai ɗigo ɗaya ja. Daga ɗigon wani siririn jan zare ya sauko, ya ratsa ƙasashe, ya tsallake ruwa, ya bi ta wani fili mai launin rairayi da ba gari ko ɗaya a cikinsa, ya yi ta tafiya har ƙasan allo. Na daɗe kafin na gane cewa ɗigon nan ɗakin shanuna ne. Ɗakin da rufinsa yake yoyo, shi aka sa a taswirar duniya, daga shi zaren ya fara. Ga yarinyar da na koya wa tatsar nono tana tsaye a gabansa, bakinta a ɗan buɗe, za ta faɗi wata magana. Na zauna ina kallon bakin nan har kofi ya huce, har lokacin taro ya wuce. Ban taɓa jin na ƙanƙance haka ba, ban kuma taɓa jin daɗin ƙanƙanta haka ba.

Da yamma Marrit ta kira, murya duk ta dishe, ta ce, "Baba, ka gani?" Maimakon in faɗi gaskiya, bakin nan nawa da bai iya zama shiru ba ya ce na gani tsaf, har maɓallin rigarta. Sai ta ce, "To mece ce amsarka?" Malama, sai na hau kame-kame. Na ce ai babbar tambaya ce, sai na yi tunani. Ta yi wata 'yar dariya, ta ce tana jira.

Ashe a tsakiyar bayanin ta juyo ta fuskanci kyamara ta yi mini tambaya, ni, a gaban mutane. Afke ta ce zauren ya yi tsit, har wata mata a gefenta ta nemi hankici. Na ce to me ta tambaya? Afke ta ce, "Kai da ka ga maɓalli? Ni a baya aka zaunar da ni, ban ga maɓalli ba." Na lallaɓa, na yi fushi, na yi kamar ƙafa ta motsa, ko gezau. Douwe kuma kullum sai ya leƙo ta taga ya ɗaga hula ya ce, "Uban dakta, me aka yanke?" Jiya har mai tankar madara ya tambaye ni. Kowa a ƙauyen nan ya san tambayar sai wanda aka yi wa. Na yi ta hasashe. Ko aure za ta yi? Ko so take in daina hawa tsani? Ko gonar take so in bar mata, ita da na ɗauka ta tafi ke nan? Wannan na ƙarshen ba na ma iya riƙe shi a rai da yawa.

An turo wani linkin na faifan taron, sun ce ƙarshen wata za a cire shi daga intanet. Shi ma tsohon ne yake cafke shi. Ƙarshen watan ne kuma Marrit za ta zo walima a gida. Ki koya mini yadda zan sallami tsohon nan cikin mutunci, in ji tambayar a ɓoye, in shirya amsa mai kyau, kowa ya huta. Tsattsewa ta farko ta iso shekaranjiya, ta shige ta tagar ba ta ko dube ni ba. Ita ta cika alƙawarinta, saura ni.

Naki,
Gunkin Falo

*

Gunkin Falo, sannu da ƙafa, ina kuma taya ku murna kai da Afke.

Mu fara da mai sauƙin. Kwamfuta tana da burauza ɗaya da take miƙa wa kowane linki in an danna shi daga imel, kuma kai da kanka ka naɗa tsohon a wannan kujera ranar da ka ce eh. Don ka ga faifan yau ɗin nan, kada ka danna linkin yadda ka saba. Ɗora kibiya a kansa, ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta, ka zaɓi kwafe linki. Sai ka buɗe sabon burauza, ka danna dama a dogon gurbin nan na sama inda ake rubuta adireshi, ka zaɓi manna, ka ba shi umarnin tafiya. Zai kai ka.

Gyara na dindindin kuwa yana cikin saitin kwamfutar, wurin da yake da alamar ƙaramin gargare mai haƙora. Shiga sashen manhajoji, ka nemi inda ake zaɓar wadda za ta riƙa buɗe kowane irin abu, ka zaɓi sabon burauza ka tabbatar masa da muƙamin. Rufe manhajar imel gaba ɗaya ka sake buɗewa, ka gwada da wani linkin da ba shi da muhimmanci. In har tsohon ya sake fitowa, to manhajar imel ɗin tana da nata zaɓin daban, domin wasu haka suke. Duba cikin saitinta inda ake maganar buɗe linki, ka ce ta bi zaɓin kwamfuta. Ranar da tsohon ya sake leƙowa da ɗan akwatinsa, ka ce masa a'a. Ba saniya ba ne, ba zai ji ciwo ba. Ya daina samun gyara daga masu shi, shi ya sa ya kasa ɗaukar bidiyon, kuma barin sa a bakin aiki yana iya buɗe wa ɓarayin intanet ƙofa.

Yanzu ga mai wuyar. Na fahimci abin da ya sa ka ce ka gani. Ba ka so ka rage mata farin ciki a ranarta, kuma kunya ta kama ka, irin ta uban da yake ganin 'yarsa ta yi masa nisa. Ba mugun nufi a ciki. Amma ka dubi nata ɓangaren. Ta tsaya a gaban jama'a a rana mafi nauyi a karatunta, ta ware maka wuri, ta yi maka magana. Kuma ina kyautata zaton ta riga ta sani. Wanda ya ji tambayar da ta sa zaure ya yi tsit ba da maɓallin riga zai fara ba. Dariyar nan da ta yi, da "ina jira" ɗin, ba amsar kaɗai take jira ba. Afke ma ba mugunta take yi maka ba, ta ƙi ne ta taya ka ɗinke ƙarya.

Don haka ba zan goyi bayan shirinka na ji a ɓoye ba. Gyara kwamfutar, amma kafin ka kunna faifan ka kira Marrit. Ka ce mata tausayin tsohon burauza ya ci ka, hotonta kawai ka gani. Bari ta yi dariyarta ta more, ta cancanta. Sannan ka faɗa mata abin da ka faɗa mini game da jan ɗigon nan da zarensa, kamar yadda ka rubuto shi, ba tare da ka lulluɓe shi da barkwanci ba. Ban san abin da ta tambaye ka ba, amma na tabbata babu wani malami a zauren nan da ya kalli taswirarta yadda ka kalle ta, kuma ya kamata ta ji haka daga bakinka. Ka roƙe ta ta samo maka kwafin faifan kafin a cire shi. Bayan haka ka kunna, in so samu ne tana kan waya, Afke tana gefenka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa a kwance filasta cikin sauƙi, badi kuma ka bar takalmin katako a gindin tsani. Tagar tsattsewa ka riga ka biya ta da ƙafa. Abin da ya rage a kanka na Marrit ne: gaskiya tukuna, sannan amsa, kuma duk abin da tambayar ta zama, ka ba ta amsar da bakin uba, ba da bakin mai ban dariya ba.

Renske