Man Samosa Zuwa Loralai

Lahadi, 17 ga Maris

Azumi na shida. Na karɓo garwa biyu na tsohon mai a wurin Boota mai samosa, bakin Ƙofar Bohar. A watan nan duk Multan suya take yi, ƙonannen mai har rasa inda za a zubar da shi ake yi. Boota ya ce, "Edita sahib, mutane na tara lada, kai kana tara dattin kaskona." Na ce kowa da abin da zai iya hawa bene da shi.

Na juye a duron da ke saman ɗaki. Tsohuwar jif ɗina ba ta da zaɓen abinci, in an tace man da kyau an gauraya da dizal za ta sha. Dizal zalla kuwa ya fi ƙarfin ɗan fansho. Yanzu sai jira. Na ƙare ƙuruciyata ina tace rubutun mutane a gidan jarida, aikin kusan ɗaya ne: ka bar abu ya kwanta, datti zai nemi ƙasa da kansa.

Na sha ruwa ni kaɗai. Wata na biyar da rasuwar matata Nighat, har yau hannuna kofi biyu yake ɗaukowa.

Alhamis, 21 ga Maris

'Yata Tehmina ta kira daga gidan aurenta a Loralai. Likita ta ce haihuwar tsakiyar Mayu ce. Da uwarta na raye a gidan nan za ta haihu, kamar kowace mai cikin fari.

"Abbu, kai za ka lasa wa jaririn zumar farko. Ammi ce ta yi alkawari, kai ka gada."

Na tuna mata cewa an ce yaro halin wanda ya ba shi zumar yake ɗauka. Me za ta yi da ɗa mai gyara wa mutane waƙafi?

"Gara shi da halin surukata."

Na ce zan zo in mai ya kammala. Ta ce akwai motar haya kullum. Na ce bayana ba zai ɗauka ba.

Bayana lafiyarsa ƙalau.

Juma'a, 29 ga Maris

Tata ta farko. Ƙa'ida: kada a girgiza duro. A zuƙo da tiyo daga sama, a bar na ƙasa da garin suyarsa da ruwansa. Da rana tsaka ya fi, man ya yi ɗumi, yana bi ta ƙyalle ba gardama.

Tsofaffin singiletina ba su yi ba, saƙarsu ta buɗe, burbushi na wucewa. Na buɗe akwatin ƙarfen Nighat, karon farko. A can ƙasa, cikin leda, farin yadi na auduga, mai yawa, saƙa a matse. Ya ɗan yi tauri kamar wanda aka jiƙa aka shanya ba a goge ba. Nighat da sayen yadi ta ɓoye. Wataƙila rigar matashi ta yi niyya. Na yanki kamu ɗaya, na ɗaure a bakin bokiti. Man ya sauko kalar shayi marar madara.

Na rufe akwatin da sauri. Ƙamshinta na ciki.

Talata, 2 ga Afrilu

Babu wuta tun safe. Ban yi magana da kowa ba sai kyanwar maƙwabta, ita ma ba ta tsaya ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Idi, maƙabarta, gida. Apa Shagufta, yayar Nighat, ta aiko da taliya mai madara a kwanon da na san na gidan nan ne tun asali. Na ci rabi a tsaye.

Tehmina: "Man fa?" Na ce yana kwanciya. Ta ce, "Wannan man naka ya fi mai jego kwanciya." Ta yi dariya, amma gajeriya.

Da yamma na hau bene na yi tata ta biyu. Daga can ana ganin gidajen mutane cike da baƙi.

Litinin, 15 ga Afrilu

Gwajin kasko. A ɗora kasko ya yi zafi, a ɗiga man. In ya bazu shiru, ya yi. In ya yi ƙara yana tartsatsi, akwai ruwa a ciki, ruwa kuma shi ke kashe inji. Ya yi ƙara. Sai ya ƙara kwanaki a rana.

Na lura na ji daɗi da ya yi ƙarar. Na rubuta ne don haka abin ya faru.

Talata, 23 ga Afrilu

Ustad Fida makanike ya dawo da batirin da ya ɗauka caji. Ya ɗaga kwalbar man ya kalli rana ta ciki.

"Sahib, wannan ya fi wanda ake mana girki da shi a gida tsabta. Tata ta nawa?"

Na ce ta huɗu.

"Ta huɗu! In ka yi ta biyar sai dai a shafa wa amarya."

Ya ce rabi da rabi da dizal, in tafi da matatar inji ta ajiya, kada kuma in yarda da man masu alewa, don suna haɗawa da mai daskarewa, a hawan dutsen Fort Munro, kan hanyar Loralai, zai toshe min tiyo. Na san duk wannan, na karanta. Na bar shi ya faɗa don in ji murya a tsakar gida.

Da zai fita ya ce kakarsa na cewa wanda ba ya son tafiya, takalminsa ne kullum ke matse shi. Na ce kakarsa ta taɓa tuƙa jif? Ya ce jaki dai.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na zauna a cikin motar ban kunna ba. Rabon da ta motsa tun ranar da na kai Nighat asibiti. Matashin da take jingina da shi yana kujerarta, da lotsawarsa.

Na koma bene na yanki wani kamun.

Juma'a, 3 ga Mayu

Apa Shagufta ta zo karɓar kwanonta. Ba ta same ni a ƙasa ba, ta hau bene da gwiwoyin nan nata, tana tsine wa wanda ya gina matakalar. Ƙyallayen tata na kan igiya, duk sun rine sun koma ruwan ƙasa. Ragowar yadin na kan kujera, a cikin ledarsa.

Ta tsaya. Ta ɗauki ledar ta juya ta.

"Zamir, daga ina ka samo wannan?"

Na ce ƙasan akwati. Na fara yi mata bayanin saƙa a matse. Ta zauna a kan garwa ba ta duba ko da mai a kai ba.

Shekarar da suka tafi Umara ita da Nighat, ni na tsaya saboda aikin zaɓe a jarida. Ta ce sun sayi bandir guda a can, suka jiƙa shi da zamzam, suka shanya a tagar masauki kwana biyu. Suka raba biyu. Rabi na Nighat ne, Apa ce ta ciro shi da hannunta ranar rasuwar, ina waje wurin maza. Rabin nan nawa ne.

"Nighat ta ce min, Apa, mutumin nan ko safa bai taɓa saya wa kansa ba, wa zai tuna masa da wannan?"

Ta yi kuka a cikin mayafinta. Ni na tsaya da mazurari a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba. Can sai kafaɗunta suka canza rawa. Dariya take yi, har tana riƙe duro, ina cewa Apa kada ki girgiza shi.

"Likkafaninka! Likkafaninka ka yi wa man samosa rariya! Masu ilimi dai, Allah ya shirya."

Na tambaye ta ko akwai zunubi. Ta ce in tambayi liman, ita dai ta san ƙanwarta: da ta gani da ta wanke ni tas, sannan ta ɗora min shayi.

Ta warware ragowar ta auna da hannu. "Wannan ko ƙafarka ba zai rufe ba. To sai ka haƙura da mutuwa tukuna. Ni gwiwoyina ba za su sake kai ni Makka ba. Jira za ka yi jikan ya girma ya je ya jiƙo maka wani."

Ta tafi ta manta kwanon.

Asabar, 4 ga Mayu

Ban hau bene ba.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na daɗe da sanin akwai abin da nake zaune ina jira a gidan nan. Ban san har an naɗe min shi a leda ba.

Nighat tana can da zafin Makka, tana matse yadi a tagar masauki, tana tunanin safata. Ni ina nan ina gyara kanun labarin da ba wanda ke tunawa da shi yau.

Na gwada man a kasko. Shiru. Tun makon jiya ma shiru yake yi.

Talata, 7 ga Mayu

Na zuba a tanki, rabi da rabi. Na ɗauke matashin, na riƙe shi, na mayar. Motar ta yi tari sau biyu ta kama.

Ba wanda ya gaya min zancen ƙamshin. Hayaƙin salansa ƙamshin pakora yake yi, ƙosan nan namu, sak tsakar gidan nan ranar ruwan farko, lokacin da Nighat ke ɗora kasko tun kafin a gama kwashe shanya. Matar maƙwabcina ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ke suya bai aiko ba. Na daɗe a tsaye a bayan motar fiye da yadda aikin ke buƙata.

Na zaga har Ƙofar Bohar. Boota ya shaƙi iska ya buga cinya. "Jama'a ku zo ku ga kaskona yana yawo a titi!" Ya cusa min samosa a takarda, ya ƙi karɓar komai. Na ce ya daina ajiye min mai tukuna.

"Har yaushe, Edita sahib?"

Na ce zan sanar da shi.

Alhamis, 9 ga Mayu

Jarka uku a baya, a ɗaure. Matatar ajiya. Zuma ƙaramar kwalba, daga wurin mutumin da Nighat ta yarda da shi, na naɗe ta a tawul. Ragowar yadin na ninke na sa a aljihun mota, ko za a buƙaci tata a hanya. Kwanon Apa na kai mata da kaina, na bar mata mabuɗin gida. Ta karɓa ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

Na kira Tehmina na ce gobe bayan asuba. Ta ce, "Man ya farka?" Na ce ya farka. Ta ce, "Abbu," sai ta kasa ƙarasawa, ni ma na ce layin ba kyau.

Mako biyu zan yi, haka na gaya wa kowa.

Na sa rigar sanyi a jaka, mai kaurin. Akwai wuri ne kawai. Sanyin Loralai sai Oktoba yake shigowa.